Kalma a Matsayin Zane: Sharhi kan Jigon 'Yanci a Rubutun Motoci da Bugun Tufafi na Ƙasar Kachia

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun saba kasa shi gida biyu, wato adabin baka da rubutaccen adabi, kuma kowane gida ya sami masu yi masa hidima gwargwadon hali. Sai dai akwai wani nau'in rubutu da ya zama jemage, tsuntsaye ba su karɓe shi ba, dabbobi kuma sun ƙi shi. Shi ne rubutun da ake yi a jikin motoci manya da ƙanana, da wanda ake bugawa a riguna da atamfofi da 'yan takardun nan na mannawa da ake kira sitika. Masu nazarin zane suna ganin ai wannan aikin masu harshe ne, tun da kalmomi ne. Masu nazarin harshe kuwa, in har sun waiwaye shi, galibi don su tsinci kurakuran ƙa'idojin rubutu ne, su jera su reras, su yi tir da mai fenti, su wuce.

Wannan maƙala za ta dubi irin wannan rubutu a ƙasar Kachia da maƙwabtanta na kudancin Jihar Kaduna a matsayin aikin fasaha mai jigo da salo, wanda ya cancanci a yaba masa inda ya yi kyau, a kuma kushe shi inda ya gaza. Jigon da za a bi shi ne na 'yanci. Abin da ake son nunawa shi ne, da wuya mai nazari ya tarar da 'yancin nan a cikin ma'anar kalmomin su kaɗai. Yana cikin abin da aka yi wa kalmar: an ciro ta daga bakin mai ita, an ɗora ta inda ba a saba ganinta ba, an kuma sake ta ta yi magana da duk wanda ta tarar. Domin a ga wannan sosai, za a fara aro madubi daga Amurka, inda wata mai zane ta mayar da irin wannan aiki sana'arta.

2.0 Corita Kent da Zanen Kasuwa

Daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa farkon na 1960 wani salon zane ya ɓulla a Ingila da Amurka, wanda masu shi suka koma ɗibar kayan aikinsu daga kanti da jarida da allon talla. Turawa sun laƙaba masa suna Pop. A nan za mu kira shi zanen kasuwa. A watan Yuli na 1962 Andy Warhol ya baje zane 32 na gwangwanin miyar Campbell a birnin Los Angeles. Cikin waɗanda suka je kallo har da wata sista ta ɗarikar Katolika mai suna Corita Kent, haifaffiyar 1918, wadda ke koyar da zane a kwalejin ƙungiyarsu a wannan birni.

Hanyar da ta fi yin aiki da ita ita ce wadda masu buga riguna a Nijeriya ke kira sikirin. Ana ɗaure yadi mai ƙananan ƙofofi, kamar rariya, a jikin katako mai kusurwa huɗu, a toshe duk inda ba a son launi ya ratsa, a zuba fenti, a ja shi da faifan roba, sai siffar ta fito a kan takarda ko tufa da ke ƙasa. Kowane launi da nasa zubin. Amfanin wannan hanya shi ne arha da yawa: da rariya ɗaya ana iya fitar da ɗaruruwa, talaka ma ya saya ya rataya.

Bambancinta da Warhol a fili yake. Shi gwangwani ya ɗauka, ya bar shi gwangwani. Ita kuwa kalmar da ke jikin gwangwanin ta ɗauka, ta sauya mata ubangida. A 1964 ta ɗauki kirarin da kamfanin Del Monte ke yi wa tumatirinsa, na cewa ya fi kowane ruwa, ta jingina shi ga Maryamu uwar Yesu. A shekarar dai ta ɗauki babban baƙin G na kamfanin General Mills, wanda kamfanin ke cewa yana nufin nagarta, ta cika takarda da shi, alhali kowane mai jin Ingilishi ya san da wannan baƙi sunan Ubangiji ke farawa a harshensu. Ba ta barin baƙaƙen a miƙe. Takan lanƙwasa takardar da aka rubuta su, ta ɗauki hotonta a haka, ta yanko siffar a karkace, ta datse kan kalma ko wutsiyarta, ta kifa wata, ta yadda dole mai kallo ya karkata wuya ya ƙarasa karatun da kansa. Bayan tarzomar unguwar Watts ta watan Agusta 1965, wadda ta ci rayuka 34, ta buga shafin farko na jaridar Los Angeles Times a kwance, ta rubuta kalaman wani fada mai goyon bayan baƙar fata a gefensa da hannunta.

Shugaban cocin Katolika na Los Angeles a lokacin, Kadinal James McIntyre, bai ji daɗin waɗannan ayyuka ba, kuma takun saƙa tsakaninsa da ƙungiyar sistocin ya yi tsawo. A 1968 Corita ta ajiye rigar sista ta koma Boston, inda ta rasu a 1986. Aikinta da ya fi yaɗuwa shi ne kan sarki na gidan wayan Amurka na 1985 mai ɗauke da kalmar ƙauna, wanda aka sayar da fiye da miliyan 700. A ganina shi ne mafi rauni cikin ayyukanta. Kalmar ba a ƙwato ta daga hannun kowa ba, ba wanda ta ɓata wa rai, gwamnati ce ma ke sayar da ita. Wannan ma'auni, wato daga hannun wa aka ƙwato kalma kuma wa take tsokana, shi za mu tafi da shi Kachia.

3.0 Matsayin Hausa a Ƙasar Kachia

Kachia tana kan hanyar da ta taso daga Kaduna ta Kujama da Kasuwan Magani, ta kuma zarce Zonkwa har Kafanchan. Ƙasar citta ce, ita da Jaba da Kagarko, kuma citta ce ke jawo manyan motoci zuwa kasuwanninta, ko da yake cutar da ta faɗa wa gonaki a daminar 2023 ta karya manoma da yawa. Mutanen yankin sun haɗa da Adara da Ham da Bajju da Gbagyi da Kuturmi da Hausawa da Fulani. Kowa da harshensa, amma a kasuwa da tasha da coci Hausa ce ke haɗa su.

Wannan Hausa tana da fuska biyu a yankin, kuma wanda bai riƙe wannan ba ba zai fahimci rubutun da ke jikin motocinsu ba. Ta fuska ɗaya, harshen sarauta ne. A ƙarni na 19 masarautun Zazzau da Jama'a sun riƙa karɓar gandu da kai hare-haren neman bayi a sassan wannan ƙasa, kuma da Turawa suka zo sun bar yawancin gundumomin a hannun hakiman da ake turowa daga Zariya. Ta ɗaya fuskar kuwa, harshen bishara ne da na boko. Da shi 'yan mishan suka yi wa'azi, da shi aka karanta Littafi Mai Tsarki tun fitowarsa cikakke a 1932, da shi kuma 'ya'yan yankin suka fara rubuta koke-kokensu. Sandar da aka doke mutum da ita, ita ce ya dogara ya miƙe.

Ita kanta kalmar 'yanci tana ɗauke da wannan tarihi a cikinta. Tushenta 'ya ne, aka yi mata ɗafa-ƙeyar -nci mai nuna hali ko matsayi, kamar a shugabanci da zumunci. Sakkwatawa kan ce ɗiyauci, daga ɗiya. Ke nan a tunanin Bahaushe 'yanci shi ne zaman mutum ɗa, kuma ba a gane ɗa sai an ajiye bawa kusa da shi. Da 'yan siyasar NEPU suka tashi a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, wata kalma suka zaɓa ta zama takensu, wato sawaba, wadda ta fi kusa da sauƙi da hutawa daga wahala. Watakila wannan nauyi ne ya sa da wuya ka ga an rubuta 'yanci ƙarara a jikin mota. Kalmar ta yi kama da ta takardar koke da jawabin ranar 1 ga Oktoba. Direba yana da wasu hanyoyin.

Ba a rasa masana zane daga wannan ƙasa ba. Farfesa Jerry Buhari na Jami'ar Ahmadu Bello ɗan ƙasar Kachia ne, kuma makarantar da ya fito ita ce ta haifi Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Sai dai hankalin 'yan wannan ƙungiya ya fi karkata ga alamomin gargajiyar garuruwansu. Shi Onobrakpeya, wanda ya shahara a kan bugun zane, har baƙaƙen kansa ya ƙirƙiro ya kira su Ibiebe. Mai neman kalmar Hausa da aka mayar zane zai fi saurin samunta a tashar mota.

4.0 Rubutun Jikin Mota

Mayar da rubutu ado ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Akwai allon zayyana na saukar karatu, akwai kuma rubuce-rubucen da magina ke yi a fuskar soraye a Zariya da Kano. Babbar mota mai bodin katako ta gaji wannan, ta ƙara da abu guda: tana tafiya. Rubutun nata da buroshi ake yi, kwafi ɗaya tak, amma abin da rariya ta yi wa Corita shi taya ke yi wa mai mota. Ita ta yawaita takardun, shi kuwa ya yawaita masu karatun.

Abu na farko da ya kamata mai sharhi ya lura da shi shi ne wurin da aka ajiye kowace magana. Goshin mota, wato allon da ke saman kan direba, galibi na addu'a ne da godiya: Ikon Allah, Na Gode Allah, Allah Ya Kiyaye. Wannan fuska ce mai tarbar hanya da abin da ke cikinta. Bayan mota kuwa na habaici ne: Hassada Ga Mai Rabo Taki Ce, Ta Allah Ba Taku Ba, Zafin Nema Ba Ya Kawo Samu. Wa ke karanta bayan mota? Wanda aka wuce, aka bar shi yana shan ƙura. Saboda haka rabin ma'anar habaicin ba a cikin jimlar take ba, tana cikin tsayuwar mai karatu. Da a littafin karin magana ya ci karo da ita, da nasiha ce. A bayan motar da ta bar shi a gefen titi kuwa, gori ce.

Mu ɗauki Ta Allah Ba Taku Ba mu ƙwanƙwasa ta. Jimla ce da ba ta da aikatau, ba ta kuma da sunan da 'yar mallakar ta ke komawa gare shi. Magana ce ta Allah, ko niyya, ko ƙaddara? An bar gurbin a buɗe, kamar yadda Hausa kan yi da lamirin mace a irin su ta faru ta ƙare. Haka nan taku jam'i ne, bai ware kowa ba, bai kuma kama sunan kowa ba. Ɗan'uban mai motar zai karanta ya tsargu. Abokin gasarsa a tasha zai tsargu. Ma'aikacin da ya tsare shi a shinge yana neman na goro, shi ma zai karanta yayin da yake zagaya motar. Ba ɗaya daga cikinsu da zai iya kai ƙara, domin kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, amma alƙali ba ya hukunci da tsarguwa.

Dabara ta biyu ita ce datse karin magana. Sau da yawa rabin farko kawai ake rubutawa: Komai Nisan Jifa, ko Komai Ya Yi Farko, ko Zakaran Da Allah Ya Nufa Da Cara. Ana iya cewa ƙarancin fili ne ya jawo haka, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma sakamakon ya wuce dalilin. Mai karatu ne ke ƙarasa jimlar a ransa, ke nan shi ya furta ɓangaren mai dafi, mai mota bai ce komai ba. A 1984, ƙarƙashin Doka ta 4 ta mulkin soja, an ɗaure 'yan jarida biyu na The Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor, saboda labarin da suka buga. Jarida tana da edita da adireshi, jimlolinta kuma cikakku ne. Motar da ke ɗauke da Komai Ya Yi Farko ba ta da abin da za a kama ta da shi a kowane shinge, alhali duk mai jin Hausa ya san abin da ke biyo baya, ya kuma san cewa mulki ma yana cikin komai. Wannan daidai yake da datse wutsiyar kalma da Corita ke yi, sai dai na Bahaushe ya fi ƙarfi, domin abin da ya datse yana cikin kan kowa tun yarinta, ba ya bukatar kamfani ya fara tallata shi.

Akwai kuma wani 'yanci da ya fi waɗannan tsada a wannan yanki, shi ne na wucewa lafiya. Rikicin Kafanchan na Maris 1987, da na Zangon Katab na 1992, da na bayan zaɓen 2011 a Zonkwa da Kafanchan, da na Kasuwan Magani na Oktoba 2018, duk sun koya wa matafiya cewa akwai ranar da alamar addini a jikin mota kan zama sanadin mutuwa, ko ta wane ɓangare mutum yake. Akwai motocin da ke bayyana addinin mai su ƙarara, da ayar Alƙur'ani ko da sunan Yesu, kuma wannan ma 'yanci ne da ba a raina shi. Amma rubutu irin su Ikon Allah da Sai Haƙuri da Nagari Na Kowa sun tsaya a tsakar gida. Da yake Littafi Mai Tsarki na Hausa ma Allah yake cewa, Kirista da Musulmi duk suna karanta Ikon Allah su ga nasu ne. Ingilishi ba ya iya wannan aiki a Nijeriya, domin da an rubuta sunan Ubangiji da shi an riga an jingina motar ga ɓangare ɗaya a idon mutane da yawa. Larabci ma haka. Hausar da wasu 'yan yankin ke kallo a matsayin harshen danniya, ita ce kuma kaɗai ke iya raka direba daga Kaduna zuwa Kafanchan ba tare da ta tona asirinsa ba.

Ba duka ne ke da armashi ba. Da yawa maimaici ne kurum, mai fenti ya kwafo daga motar da ta gabata, ya cika gefe da zaki da gaggafa da furanni har rubutun ya nutse. Jigon mahassada kuma an tatse shi har ya kusa ƙafewa. Wani lokaci mutum kan yi mamakin ko akwai isassun maƙiya a ƙasar da za su wadaci kowace a-kori-kura da kowane Keke Napep.

4.1 Baƙaƙe Masu Ƙugiya

A nan ne masu nazarin harshe suka fi ɗaga murya. Tun shekarun 1930 aka tsayar da ɓ da ɗ da ƙ a rubutun boko, aka sake jaddada su a taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980, amma har yau mai fenti yakan rubuta HAKURI da KASA da DAN ADAM ba ƙugiya. Gaskiya ne wannan saɓa ƙa'ida ne, kuma a littafin makaranta ba a yafe shi. Sai dai aikin mai sharhi bai ƙare a nan ba, sai ya tambayi abin da rashin ƙugiyar ya haifar.

A ɗauka an rubuta BAKI SHI KE YANKA WUYA da manyan baƙaƙe. Bisa ƙa'ida daidai ne, domin bakin magana ake nufi. To amma mai karatun da ya saba da cewa masu fenti ba sa bambanta k da ƙ ba shi da tabbas. Zai iya karanta baƙi, jam'in baƙo, kuma a yankin da gardamar ɗan ƙasa da baƙo ta sha jini, wannan karatu ba wasa ba ne. Abin da ya ceci jimlar shi ne lamirin shi, domin baƙi jam'i su zai ɗauka. Amma lamirin bai kore karatu na uku ba, wato baƙi tilo, na rubutu: harafi shi ke yanka wuya. Mai fentin bai nufi wannan ba, ba kuma lalle ne ya nufa ba kafin ya zama yana nan. Haka KASA TAMU CE, in an rasa ƙugiya, tana iya zama iƙirarin mallakar ƙasa, tana kuma iya zama iƙirarin mallakar macijiya. A wannan maƙala ma mun bar sunan garin Kachia da rubutunsa na hukuma, domin duk wanda ya gwada rubuta shi bisa ƙa'idar Hausa zai ga ya faɗa cikin wata kalma dabam.

Ba ana cewa a bar ƙa'ida ba ne. Ana cewa ne rubutun boko, ko da ƙugiyarsa, ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka shubuha a jininsa take, kuma adabin titi yana cin moriyar wannan shubuha fiye da kowane adabi. Har ila yau, irin Hausar da ke fitowa a waɗannan rubuce-rubuce a kudancin Kaduna, inda ne kan maye gurbin ce kuma jinsi kan ɓace, shaida ce ta karin harshen da miliyoyin mutane ke magana da shi amma kusan ba a rubuta shi a ko'ina sai a nan.

5.0 Bugun Tufafi

In aka koma ga ainihin bugu, wato fitar da kwafi da yawa daga uwa ɗaya, tufafi ne filinsa. Mafi shahara a yankin ita ce atamfar Zumuntar Mata ta coci-coci, ta ECWA da ta Katolika da sauransu, wadda ake bugawa da tambarin ƙungiya da taƙaitacciyar magana, sau da yawa da Hausa. Dā masaƙun Kaduna na kusa. Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, ta durƙushe a 2002, UNTL kuma ta rufe a 2007, yanzu yawancin atamfar kasuwa daga waje take shigowa, musamman daga Sin. A shimfiɗe, zanen atamfar zumunta ba shi da wata ƙirƙira mai yawa: da'ira, tambari, rubutu a kewaye, a maimaita har ƙarshen turmi. Sai an ɗaura shi yake rayuwa. Tela ya yanka ta tsakiyar kalma, ɗaurin zane ya ninke wata, ɗankwali ya kifa wata, sannan mata ɗari su miƙe da rawa, kalma ɗaya tana motsi sau ɗari. Abin da Corita ke yi da gangan da takarda da kyamara, jiki ke yin sa a nan. Wanda ya ce anko kishiyar 'yanci ne, tun da kowa ya zama ɗaya, bai lura da cewa zumuntar nan ce ta ba matan ƙauye dandalin da suke tsayawa gaban jama'a su yi waƙa su yi gargaɗi, har da gugar zana ga mazansu, ba wanda ya isa ya ce su zauna.

Mafi rauni a wannan fage ita ce rigar yaƙin zaɓe, wadda ta cika gari tun dawowar mulkin farar hula a 1999. Kalmominta manya ne, adalci da canji da ci gaba, amma sayen su aka yi, aka raba su kyauta tare da sabulu. In aka auna ta da ma'aunin da muka ɗauko, ba a ƙwato ta daga kowa ba, ba ta tsokanar kowa sai jam'iyyar hamayya. Tana samun daraja ne kawai bayan shekaru, in ta koɗe ta yage, manomi ya sa ta yana haƙar citta, alkawarin yana nan a gadon bayansa rabi ya goge. A lokacin ne ta zama habaici, ba da sanin wanda ya biya kuɗin bugun ba.

Wanda ya fi kusa da aikin Corita shi ne bugun suna. Al'ummomin yankin sun daɗe suna ƙoƙarin ajiye sunayen da aka san su da su ta bakin Hausa, su ɗauki waɗanda suke kiran kansu: Kaje suka koma Bajju, Katab suka koma Atyap, Jaba Ham, Kadara Adara. Kafa masarautun Bajju da Atyap a 1995 ya ƙara wa wannan ƙarfi. A rigunan da ake bugawa don bukukuwa irin su Tuk Ham na Kwoi da Afan na Kagoro, wanda ake yi ranar 1 ga Janairu, sunan ne da kansa ke zama zanen, da manyan baƙaƙe a ƙirji, sauran bayani kuwa a bar wa Ingilishi ko Hausa a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Kalma ɗaya ce, ba aikatau, ba habaici, amma an san daga hannun wa aka karɓo ta. Ya kamata manazarcin Hausa ya iya kallon wannan ba tare da jin an ci zarafin harshensa ba. Sau da yawa mai rigar da Hausa ya yi cinikin bugun ta.

Sai dai a nan ma kayan aiki na yi wa mai magana iyaka. Rubutun Tyap yana amfani da wasula masu layi a ƙasa, kamar yadda Hausa ke amfani da ƙugiya. Yanzu da kwamfuta ta karɓe yawancin aikin daga hannun masu buroshi, ita ke tsara sitika da rigar biki da kyallen talla, an zaci matsalar za ta kau, tun da waɗannan baƙaƙe duk suna cikin tsarin Unicode. Amma yawancin salon baƙaƙen ado da masu shagon bugu ke so, masu kauri da inuwa da lanƙwasa, ba a yi su da ɓ ko ɗ ko ƙ ba. In aka danna, ko dai wani ɗan akwati ya fito a gurbin baƙin, ko ya fito da wani salo dabam kamar haƙorin Makka a tsakiyar kalma, sai mai shago ya goge ya sa k ya huta. Mai buroshi, duk da ana zarginsa da jahilci, in aka ce masa ya sa ƙugiya, karkata hannu kawai zai yi, ba ƙarin ko kwabo.